Amsa ga Malam kan gidajen gwamnati

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryarka, wai shin da gaske gwamnati na ba masu matsakaicin albashi tallafin gina gida. Ni dai abin da na fahimta kake tambaya shi ne, kai da albashinka na koyarwa za ka samu ko ba za ka samu ba. To shi zan amsa.

Ka fara cire kalmar tallafin nan daga ranka. Bashi ne, Malam. Bashi mai sauƙi dai, amma sai ka biya. Kuɗin nan da ake yanka a albashi duk wata, kashi 2.5 cikin 100, shi ne na NHF, asusun gidaje na ƙasa, tun dokar 1992 zamanin Babangida. Bankin ba da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, shi ke riƙe da shi. In ka yi wata 6 kana zubi ka cancanci nema, ruwansa kashi 6, biya har shekara 30. Bankin kasuwa kuwa sama da kashi 20 zai ɗora maka, to rangwamen nan shi ne abin da mutane ke kira tallafi. Maganar halaccin ruwan kuma ga malamai nan a cikinmu, ni ban shiga ba.

Yanzu mu yi lissafi. Ka ce gidan miliyan 15. A shekara 30 za ka riƙa biyan wajen dubu 90 duk wata, kuma ba a yarda biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba, wato sai kana ɗaukar kamar dubu 270. A'a, tsaya, na ma yi maka sauƙi. Wa zai ba ka shekara 30 in kana da 45 a duniya? Shekarun da suka rage maka kafin ritaya ake dubawa. In 15 ne, biyan ya haura dubu 126 a wata. Ka duba takardar albashinka ka faɗa min.

Amma wallahi ni ba lissafin ne ya kayar da ni ba, takardar fili ce. Ina da filina, na saya da gumina, da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu huɗu. Aka ce duk wannan ba ya aiki, sai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili mai sa hannun gwamna, don tun dokar 1978 ƙasa a hannun gwamna take. Na kai fayil wani ofishi, ba zan kama suna ba. Yau a ce yana sama, gobe a ce ya sauko, jibi mai riƙe da makullin ya tafi ta'aziyya. Sau biyu ina biyan kuɗin awon fili ɗaya! Mai awon na biyu ma ya ce dutsen iyakata ya shiga filin maƙwabci da taku uku, muka yi wata biyu muna zaman sulhu da mutumin da muke sallah sahu ɗaya. Kafin fayil ɗin ya fito, buhun simintin da na yi lissafi da shi ya ninka, a farkon 2024 har ya haura dubu 10. Sai na... kai, bar maganar nan, raina ke ɓaci.

Wani ya kawo zancen Renewed Hope, shirin gidaje na gwamnatin Tinubu. E, ana yi, Tinubu ya aza harsashin gida 3,112 a Karsana, Abuja, a Fabrairun 2024, ministan gidaje na lokacin ma, Dangiwa, shi ne tsohon shugaban FMBN, ya san harkar. Amma su ma sayarwa ake, ba rabo ba. Mu da muka taso muka ga gidajen Shagari, muka ga na Kundila a Kano, sai muke zaton har yau ƙaramin ma'aikaci zai shiga ya karɓi makulli haka nan. Ko rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo na Kano, kai da kanka ka ƙirga malaman firamare nawa ka sani a ciki.

Tunda kai ba ka da fili, ni in ni ne kai, tsarin haya-ka-mallaka na FMBN zan bi, ka shiga gidan kana biya wata-wata har ya zama naka, babu wahalar C of O a kanka. Kuma ka fara tabbatar da cewa kuɗin da ake yanka maka yana shiga asusun da lambarka, don yanka daban, turawa daban. Turo min shekarunka da albashinka ta gefe in buga maka.