Me ya sa duwatsun cikin ƙasa ba sa narkewa duk da tsananin zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na karanta cewa zafin da ke can cikin ƙasa ya fi na wutar maƙera nesa ba kusa ba. Idan haka ne, me ya hana duwatsun wurin narkewa ko kumbura har ƙasa ta tsage?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sashen da kake magana a kai shi ne wanda masana ke kira mantil, wanda ya fara daga ƙarƙashin ɓawon ƙasa har zuwa zurfin kimanin kilomita 2,890. Mutane da yawa suna zaton narkakken dutse ne, amma kusan dukkansa daskararre ne, domin nauyin duwatsun da ke samansa yana danne shi da matsin da ke hana shi narkewa. Zafi yana buɗa dutse, matsi kuma yana takura shi, kuma a mafi yawan wurare matsi ne ke rinjaye.

Kumburar da ka ambata tana faruwa, sai dai kaɗan ce. Ma'adinin da ya fi yawa a saman mantil shi ne olibin, mai launin kore, wanda ya ƙunshi maganiziyam da ƙarfe da silikon da oksijin. Idan aka ɗumama shi, ƙwayoyin zarra da ke jere a cikinsa sukan ƙara kaɗawa, kowace ta ɗan ture maƙwabciyarta, sai girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 idan zafin ya hau da digiri 1,000. Ba ya buɗewa daidai ta kowace fuska, domin jerin ƙwayoyinsa ya fi sassauci ta wani ɓangaren. Haka kuma, gwargwadon yadda ake nutsawa ƙasa, ƙarfin buɗewar yana raguwa, har a gindin mantil ya koma kusan sulusin na sama. Duk da haka, wannan ɗan bambanci shi ne ke sa dutse mai zafi ya fi na kewayensa rashin nauyi ya riƙa tasowa, mai sanyi kuma ya nutse, da tafiyar 'yan santimita a shekara. Wannan juyi shi ne ke da alaƙa da motsin faifan ƙasa, wato manyan falalen dutse da suka rufe saman duniya.

A ganina abin da ya fi ban sha'awa shi ne sauyin tsari. A zurfin kilomita 410 olibin ba ya iya jure matsin, sai ƙwayoyinsa su sake jeri mafi cunkoso ba tare da sinadaransa sun canza ba, ya zama wadsiliyat. Wajen kilomita 520 ya koma ringudayit, sannan a kilomita 660 ya rabu gida biyu, kaso mafi girma ya zama birijimanayit. A ma'adinai ukun farko, kowace ƙwayar silikon tana zaune ne tsakanin oksijin huɗu, amma a birijimanayit guda shida ne ke kewaye da ita. Birijimanayit shi ne ma'adini mafi yawa a duniya, amma bai sami suna ba sai a 2014, bayan an gano shi a cikin wani dutse da ya faɗo daga sama a Ostireliya a 1879. An sa masa sunan Percy Bridgman, wanda ya sami kyautar Nobel a 1946 saboda bincikensa kan matsi mai tsanani.

Zafi yana motsa waɗannan iyakoki. Inda faifan ƙasa mai sanyi ya nutse, sauyin farko yakan faru kafin a kai kilomita 410, na kilomita 660 kuwa yakan jinkirta zuwa zurfin da ya fi haka, kuma masana suna gane hakan daga yadda saurin igiyoyin girgizar ƙasa ke canzawa a wuraren.

Babu wanda ya taɓa isa can, domin rami mafi zurfi da aka haƙa, na Kola a Rasha, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba. A ɗakin gwaji ake kwaikwayon yanayin: a sa ɗan ƙurar ma'adini da bai kai kaurin silin gashi ba tsakanin tsinin lu'ulu'u biyu, a matse, a ɗumama shi da hasken leza, sannan a haska shi da hasken eksire don auna tazarar ƙwayoyinsa. Ta haka ne masana a Japan suka gano a 2004 cewa shi kansa birijimanayit yana sake wani tsari a kusa da gindin mantil.