Yadda Ake Ƙiyasta Hasken Tocila da Daɗewar Batirinta

Tambaya: Ina da tocila mai ƙwan LED guda ɗaya, tana aiki da batir samfurin 18650 mai 3000mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka). Na cire murfin gindinta na gwada da mita, sai na ga tana jan ampiya 1. Shin wannan adadi zai iya nuna mini yawan haskenta da tsawon lokacin da cajin zai yi?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, adadin da ka samu ya isa a yi ƙiyasi mai kyau, kuma ya fi abin da ake rubutawa a jikin kwalin yawancin tociloli zama abin dogaro.

Farin ƙwan LED yana buƙatar kimanin bolt 3 kafin ya yi aiki yadda ya kamata. Idan ka ninka bolt 3 da ampiya 1, za ka samu wat 3, wato ƙarfin da ƙwan yake ci ke nan. Ƙwai masu inganci na wannan zamani suna bayar da lumen (ma'aunin yawan haske) 100 zuwa 150 a kan kowane wat, saboda haka idan muka ɗauki 120, haske a jikin ƙwan zai kai lumen 360. Sai dai gilashin gaba da kwanon da ke tattara haske suna rage kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, don haka abin da ke fita daga bakin tocilarka kimanin lumen 300 ne.

Lissafin batir ya fi sauƙi: raba 3000mAh da miliampiya 1000, wato ampiya 1, ka samu awa 3. A aikace ka sa ran awa biyu da rabi, domin ƙarfin batirin yana sauka daga bolt 4.2 lokacin da ya cika, kuma hasken yakan dusashe tun kafin cajin ya ƙare. Wannan ma idan lambar da ke jikin batirin gaskiya ce, domin 18650 na ƙwarai ba kasafai yake wuce 3500mAh ba, kuma wanda aka rubuta wa 9900mAh yaudara ce tsantsa.

Akwai wurin da mutane da yawa suke kuskure, kuma ina so ka lura da shi sosai. Abin da ka auna a gindin tocila wutar da ake ja daga batir ce, ba lallai ita ce ke ratsa ƙwan ba, domin tsakaninsu akwai ɗan allon da ke daidaita wuta. Idan allon irin mai ƙananan na'urorin AMC7135 ne, waɗanda kowace ɗaya ke sakin miliampiya 350, adadin biyu kusan ɗaya ne, kuma guda uku za su ba ka ampiya 1.05, daf da abin da ka gani. Amma a tocila mai batirin AA guda ɗaya, dole allon ya ɗaga bolt 1.5 zuwa 3, sai ka tarar ƙwan yana samun miliampiya 350 kawai alhali ana jan kusan ampiya 1 daga batirin.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne, haske ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar wuta. Idan ka tura ampiya 3 a ƙwai irin Cree XM-L, ƙwan zai ci kusan wat 10 ya bayar da lumen wajen 1000, sai dai ribar kowane wat tana raguwa, ƙwan yana zafi, zafin kuma yana ƙara rage hasken, ga batirin ba zai cika awa ɗaya ba. Idon mutum ma yana buƙatar haske ya ninka kusan sau huɗu kafin ya ga kamar ya ninka sau biyu. Shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa amfani da matakin miliampiya 350, wanda ke bayar da fiye da lumen 100 na tsawon kimanin awa 8 a batir irin naka.

In za ka sake gwajin, sa mitar a ma'aunin ampiya 10, ka yi amfani da wayoyi gajeru masu kauri da batir cikakken caji, domin siraran wayoyi suna rage wutar su nuna maka adadin da bai kai na gaskiya ba.