Wurin ɗinki na fitar da mugunya bayan aikin karaya a ƙasan gwiwa

Tambaya: Likita, ɗana ya faɗi a babur, ya karye a ƙasan gwiwa, aka sa masa ƙarfe. Yau mako uku, wurin ɗinkin na ta mugunya, ga zazzaɓi. Mu kai shi wurin mai ɗori?
Wata uwa, daga karkarar Ringim

Amsa: Sannu da jinya, Hajiya. Don Allah kada ku kai shi, kuma a bar kafson kemis. Ƙwayoyin cuta kan liƙe a jikin ƙarfe, magani shi kaɗai ba ya cin su. Ku koma asibiti yau. Za a gwada mugunyar, a wanke ciwon a tiyata, a ɗora shi kan magani, galibi mako 6 zuwa 12. In ƙarfen bai saki ba, akan bar shi har ƙashi ya haɗe. In ciwon ya gagara, ku nemi takardar tura shi Asibitin Ƙashi na Dala.