Tambayi Likita: Ana iya sanin ɗinkin maƙoshi zai yi yoyo tun kafin ya yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 63 ne, an gano yana da sankarar maƙoshi. An gama masa allurar sankara da gashin na'ura, saura tiyata. Likitansa ya ce babban abin fargaba shi ne wurin da za a haɗa ya yi yoyo. Baba na da ciwon suga, kuma ya daɗe yana shan taba kafin ya daina. Akwai gwajin da zai nuna mana tun yanzu ko hakan zai same shi? Daga wata 'yar uwa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Gwaji guda da zai ce "zai yi" ko "ba zai yi ba", babu shi, 'yar uwa. Abin da muke iyawa shi ne auna haɗarin kafin aiki, sannan mu kama yoyon da wuri idan ya fara.

A wannan tiyatar ana cire ɓangaren maƙoshin da ya kamu, a gyara tumbi ya zama dogon bututu, a jawo shi sama a haɗa da abin da ya rage. Tumbin da aka jawo yana rayuwa ne kusan da jijiyar jini ɗaya tak, kuma bakinsa da ake ɗinkewa shi ne ya fi nisa da ita, kamar fangalin ƙarshe a lambu, wanda ruwa ke isa gare shi a gajiye. Inda jini bai wadata ba, nama ba ya kamawa. Wani nazari na manyan asibitoci 24 da aka wallafa a 2019, kan majinyata 2,704, ya sami yoyo a kusan kashi 11 cikin 100.

Suga da taba duka suna ƙara haɗarin, domin suna lalata ƙananan jijiyoyin jini. Haka ciwon zuciya da na huhu, da rama mai yawa. Ramar ce ta fi damuna, don mai wannan ciwo yakan yi watanni haɗiya na gagararsa, ya iso ɗakin tiyata jiki ba ƙwari. Nan kuna da abin yi: a daidaita sugan, a ciyar da shi ko da ta roba ce, ya riƙa takawa kullum. Hoton CT da aka riga aka yi masa ma yana da magana, idan ya nuna manyan jijiyoyin jini sun ƙandare.

Ku tambayi likitan inda zai yi haɗin, a cikin ƙirji ne ko a wuya. A wani gwaji a ƙasar Holan da aka wallafa a 2021, haɗin cikin ƙirji ya yi yoyo a kusan kashi 12, na wuya kuwa ya haura kashi 30. Sai dai wurin da sankarar take shi ke yanke hukunci, kuma yoyon ƙirji idan ya zo yakan fi na wuya muni. Wasu asibitoci suna zuba wani koren rini mai suna ICG a jini ana cikin aiki, kyamara ta nuna iyakar inda jini ya kai, a ɗinka a nan.

Bayan aiki, yoyo yakan bayyana cikin mako na farko zuwa kwana goma. Ana bibiyar gwajin jini na CRP, mai nuna kumburi, musamman daga kwana na uku zuwa na biyar, tare da fararen ƙwayoyin jini. Ana kuma auna sinadarin miyau a ruwan da robar da aka saka a ƙirji ke fitarwa. In ya yi yawa, mai yiwuwa miyau na ɓullowa ta ɗinkin ke nan. CRP ya fi iya kwantar da hankali idan ya sauka. Idan ya hau, ciwon huhu ma na hawar da shi, sai an yi CT ko an zura kyamara a duba.

Ni dai na fi yarda da idon mai jinya da ba ya gyangyaɗi. Zazzaɓi, bugun zuciya da ya yi sauri ko ya rikice, numfashi sama-sama, ruɗewar magana, ruwan roba ya yi kauri ko wari, raunin wuya ya yi ja: ko ƙarfe biyun dare ne, ku kira nas. In an kama da wuri, sau da yawa ba sai an sake yanka ba. A hana ci ta baki, a ba da maganin ƙwayoyin cuta, a zuƙe ruwan, ko a toshe ramin daga ciki.

Sai batun tausayi. Baba zai roƙi kunu, ƙishirwa za ta dame shi, wani ɗan dubiya zai zo da zamzam ko rubutu. A shafa masa a jiki, amma kada komai ya bi ta bakinsa sai likita ya ce. In kuma a Indiya ko Masar za a yi aikin, kada ku tsayar da ranar dawowa sai likitan ya ga Baba ya fara ci lafiya ya ba ku izinin hawa jirgi.