Amsa kan addini da ilimin motsin ruwa da iska

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko da gaske addini ya taka rawa a ilimin motsin ruwa da iska, ko kuwa zuƙi ta malle ce. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma amsata ita ce ya taka, amma ya fi shiga ta wajen abin da ya zaburar da masanin. Lissafin kansa gwaji ne ke yanke masa hukunci.

Misali na farko, masanin Musulmi Al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marw (a Turkmenistan ta yau), ya rubuta wa Sarki Sanjar littafin Mizanul Hikima wajen 1121, kan ma'aunin da ake tsoma kwanonsa ɗaya a ruwa a gane zinariya tsantsa da mai gauraye. Da batun adalcin da addini ya yi umarni da shi ya buɗe littafin kafin ya shiga awo.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Lord Kelvin, masanin fiziks na Birtaniya. A 1858 Bajamushe Helmholtz ya nuna a lissafi cewa a ruwan da babu kauri ko gogayya sam, zoben ruwa da ke juyawa ba ya mutuwa, kuma ruwan ba ya iya haifar da sabo. A 1867 abokin aikinsa Tait ya nuna wa Kelvin zobban hayaƙi a Edinbara, suna karo suna girgiza kamar roba. Kelvin, Kirista mai riƙo, ya ce ƙirƙirar irin wannan juyi ko shafe shi sai ikon Mahalicci, don haka ya ɗauka ƙwayoyin zarra zobba ne da aka murɗa tun farkon duniya. Hasashe mai kyau, sai dai bai tsaya ba. Kelvin da kansa ya watsar da shi daga baya, sannan gano ilektiron, wani ɗan ɓangare da ke cikin ƙwayar zarra, a 1897 ya juya akalar binciken. Dokar Helmholtz kam har yau ana koyar da ita, jadawalin ire-iren ƙullin da zobe zai iya yi da Tait ya tsara saboda hasashen kuma ya zama reshen lissafi.

Kana iya gani da idonka. A aji kwali nake hudawa rami zagaye, in cika shi da hayaƙin turaren wuta, in ɗan bugi bayansa. Zoben zai tafi salun alun, yara na ihu, kafin ya kai ƙofa ya watse, domin iskarmu tana da gogayyar da lissafin ya cire. In za ka gwada, kashe fanka ka rufe taga, kuma kada ka buga da ƙarfi.