Kartar da ka gani a hoton suna: amsa daga Zangon Kumasi zuwa Jega

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ga hoton samarinmu sun baje karta a tabarma ranar suna, shi ne kake tambaya ko mu Hausawan Gana mun halatta caca ne. Tambayar ta ɗan sosa mana rai, don ba yau aka fara yi mana irinta daga gida ba. Ayar da ta hana caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ita muke karantawa a makarantun allonmu na Zango, ba a sauya mana ita a kan iyaka ba. Sake duba hoton da kyau: gyaɗa ce a gaban kowa. Ana ba kowane yaro ƙwaya talatin, in an tashi a mayar da ita cikin kwano. Ko a nan akwai malaman da ba sa son kartar ko da babu kuɗi, kuma muna girmama maganarsu.

Wasan shi ne blackjack, mu dai ashirin da ɗaya muke ce masa. Tunda ka tambaya, ga yadda yake.

Karta 52 ce. Daga 2 zuwa 10 kowace tana cin lambarta. Masu hoto uku, wato K da Q da J, goma-goma ne. Mai harafin A tana zama 1 ko 11, duk wanda ya fi maka amfani. Launi da zane ba su da wani aiki. Mutum ɗaya ne mai rabo, kuma da shi kowa ke karawa, ba da juna ba. Zai ba kowa biyu, ya ɗauki nasa, ɗaya a buɗe kowa na gani. Sabon shiga yakan ɗauka dole sai ya kai 21, shi ya sa yake ta ja har ya zarce. Abin nema kawai ka fi mai rabo ba tare da ka haura 21 ba. Wanda ya haura ya ƙone. In kun yi daidai kunnen doki ne, kowa ya riƙe nasa. In biyun farko suka zo maka A da goma, a biya ka uku a kan kowane biyu da ka aza.

Da layi ya zo kanka, ko ka ce a ƙara, ko ka tsaya. Kana iya ninka abin da ka aza, amma karta ɗaya tak za a ƙara maka. In biyun iri ɗaya ne kana iya raba su hannu biyu, ka aza wa na biyun daidai da na farko. Shi mai rabo ba shi da zaɓi: 16 zuwa ƙasa dole ya ja, 17 zuwa sama dole ya tsaya.

Dabarar duk tana kan wannan dolen. Cikin 52, guda 16 goma ne, kusan ɗaya cikin uku. Saboda haka in buɗaɗɗiyar kartarsa 5 ce ko 6, yana cikin tsaka mai wuya, yakan ƙone fiye da sau huɗu cikin goma. To me zai kai ka ja? In hannunka 13 zuwa 16 ne, shi kuma yana nuna 2 zuwa 6, tsaya ka bar shi da halinsa. In 12 ce, ka tsaya a gaban 4, 5 da 6 kaɗai. Amma in yana nuna 7 zuwa A, ja, ko da 16 gare ka. Nan ne zuciya ke bugawa, hannu ya ƙi miƙuwa. Gaskiya 16 a gaban goma mugun hannu ne ta kowace fuska, sai dai wanda ya ja ya ɗan fi wanda ya tsaya tsira. Daga 17 zuwa sama kar ka taɓa, in ba hannu mai A a matsayin 11 ba ne (za mu zo kansa), 8 zuwa ƙasa kuwa ja ba tunani.

Ninki: 11 a gaban 2 zuwa 10, 10 a gaban 2 zuwa 9, 9 a gaban 3 zuwa 6. Rabo: A biyu da 8 biyu a raba su. Kar a raba 5 biyu, don 10 ce mai kyau ta ninki, kar kuma kwaɗayi ya sa a raba goma biyu, an riga an riƙe 20. Sai dai akwai teburin da mai rabo ba ya ɗaukar ta biyunsa sai kowa ya gama, irin tsarin Turai. A irin wannan kar ka ninka ko ka raba 8 a gaban goma ko A, don in ya haɗa 21 ya kwashe har ƙarin.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne hannu mai laushi, wanda A ke cikinsa a matsayin 11. A da 6 sunanta 17, amma ƙarin karta ɗaya ba ya iya ƙona ta, don haka tsayawa a kanta asara ce. A da 7 a tsaya gaban 2, 7 da 8, a ninka gaban 3 zuwa 6, a ja gaban 9, 10 da A. Wannan lissafi ba na zaman majalisa ba ne, wasu sojojin Amurka huɗu ne suka fara fitar da shi a 1956.

Yanzu ga abin da ya sa dattawanmu ba su kore shi daga tabarma ba. A Akkara akwai gidajen caca masu lasisi ƙarƙashin dokar caca ta 2006, ƙofarsu a buɗe, babu 'yan Hisba irin naku. Yaron da ya iya lissafin wasan ya san mai gidan ne ke ci. Kai ne kake fara ja, in ka ƙone an ɗauke naka, ko da shi ma ya ƙone daga baya. Ko ka bi dabarar ba kuskure ko ɗaya, kusan rabin sidi (kuɗin Gana) cikin kowane ɗari na mai gida ne. In teburin na biyan shida a kan biyar maimakon uku a kan biyu, asarar ta ƙaru da kusan 1.4 cikin ɗari. Inshorar da ake tallata maka in mai rabo ya nuna A, wato ka aza wani abu daban a kan cewa kartarsa ta biyu goma ce, tana biyan biyu a kan ɗaya, alhali goma ba ta kai ɗaya cikin uku ba, tarko ce. Mai cewa zai riƙa ninkawa bayan kowace faɗuwa kuwa, in ya fara da sidi 10 ya faɗi sau bakwai a jere, 1,270 ta tafi wajen neman 10.

Sai maganarka ta ƙarshe, cewa auren Asantawa ya narkar da mu. Kakanninmu ta kasuwarku ta Jega suka bi da jakuna fataucin goron Gwanja, suka zauna Salaga, rikicin 1892 ya watso da yawansu kudu. A 1969 gwamnatin firaministan Gana Busia ta ce baƙi su tattara su tafi, waɗanda suka koma gida kuma aka riƙa ce musu 'yan Gana. Eh, muna auren 'ya'yansu. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, sai yaro ya tashi da gida biyu kowanne na cewa nasa ne, kuma liman ne ke raɗa masa suna ran bakwai. Hausarmu ta gauraya da Tuwi, harshen Asantawa, har wasunmu kan ce wa mace "ya zo", mun sani kuna dariya. Ku ma in kuka ce "mi kaka so" a Kano ai murmushi ake yi muku.

In za ku gwada a Jega, ku sa mai rabo ya riƙa juyawa bayan kowane zagaye biyar, in ba haka ba gyaɗar duk wajen mutum ɗaya za ta taru. A gaida Inna da mutanen gida.