Ga ƙanena mai ciwon gwiwa

Sannu ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce gwiwarka ta samu matsala a atisaye, Babanka ya ce ka ajiye zari-ruga ka kama karatu, kai kuma kana ganin tun da Siya Kolisi, ɗan wasan zari-ruga na Afirka ta Kudu, ya dawo fili cikin wata huɗu bayan raunin gwiwa, me zai hana ka? Na karanta jikina ya yi sanyi, domin ni ma na tsaya gaban mahaifina da irin wannan gardamar.

Ranar da tawa ta tafi, sai da na ji ƙarar "ɗas" kafin zafin ya zo. Kocinmu ya tsaya a kaina ya ce in tashi, namiji ba ya kwanciya a fili. Aka naɗa min bandeji, na koma na ƙarasa wasan. Da daddare gwiwa ta kumbura kamar tulu. Mutumin nan shekara huɗu ina ɗaukar masa buhun ƙwallaye, amma ko sau ɗaya bai tako gidanmu ba, ko waya. Bayan sati biyu na ji an ba wani yaro rigata. Mahaifiyata ce ta sayar da awakinta aka kai ni wajen mai ɗori, ya yi ta murza abin da ba karaya ba. Har yau zaman tahiya sai na miƙe ƙafar. Na yafe, amma in na hango shi nakan sauya hanya.

Kolisi kuwa, gaskiya ne ya ji rauni a Afrilun 2023 yana buga wa ƙungiyar Sharks, ya dawo a Agusta a wasan Afirka ta Kudu da Wales, a Oktoba kuma ya ɗaga kofin duniya na biyu bayan sun ci New Zealand 12-11. Amma tiyata aka yi masa cikin 'yan kwanaki, likitoci da masu gashin ƙashi suna kansa kullum. Kai wa ke kanka?

Kuma ka duba farkonsa. A unguwar Zwide ta birnin Port Elizabeth aka haife shi a 1991, kakarsa ta raine shi, yana kwana da yunwa, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 15. Abin da ya fitar da shi tallafin karatu ne da ya samu yana ɗan shekara 12 zuwa makarantar Grey a Port Elizabeth. Ta cikin aji ya bi ya kai ƙungiyar Stormers, ya fara buga wa Afirka ta Kudu a 2013, ya zama baƙar fata na farko da ya yi mata kyaftin a 2018. Ga Maro Itoje, ɗan iyaye 'yan Najeriya, yana buga wa ƙungiyar Saracens da Ingila ya yi digirin siyasa a jami'ar SOAS da ke Landan.

Don Allah kar ka je wajen ɗori. Likitan ƙashi za ka gani, a yi hoton MRI ko da bashi ne, tun da jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi. In gwiwar tana zamewa idan ka juya, ko gudu kar ka yi. Kuma ka daina ɗaga wa Babanka murya. Ni wata uku na yi ba na cin abinci tare da nawa, ya rasu ban ce masa ya yi gaskiya ba.

Ka cike fom ɗin makarantar nan kafin a rufe. In ka samu sakamakon hoton ka sanar da mu abin da likita ya ce.